Yadda Ƙanzo Ya Riƙe Mini Iƙama a Jidda

Ban rubuta komai ba a lokacin da waɗannan abubuwa suke faruwa. Abin da ya saura a kaina kawai nake kwasowa yanzu, kuma kan mutumin da ya yi watanni a gaban tukunyar shinkafa cikin zafin Jidda ba abin dogaro ba ne sosai. Mai yiwuwa na haɗa abin da ya faru a ranaku biyu na mayar da shi rana ɗaya, ko na sa wa wani maganar da wani ne ya faɗe ta. Sunayen mutane na canza su da gangan, sunan shagon kuma ba zan ambata ba.

Kimiyyar abinci na karanta a jami'a. Ejan da ya nema mini aikin ya ce wani kamfanin abinci ne a Jidda yake neman mai kula da inganci, wanda zai riƙa gwada abinci kafin a fitar da shi. Ba zan ce ƙarya zalla ya yi mini ba, domin kamfanin yana nan, abincin ma yana nan. Sai dai mahaifina ya riga ya gaya wa duk wanda ya zo gaishe shi a Gwarzo cewa ɗansa ya tafi Saudiyya aikin ɗakin gwaje-gwaje.

Masaukina na farko a unguwar Mahjar yake, ɗaki ɗaya da wasu ma'aikata, da na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗigar da ruwa a kan katifata. A nan na haɗu da Abbakar, Bahaushen Sudan. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Sakkwato za su hajji da ƙafa, suka tsaya hutawa a Sudan, hutun ya zama zama. Hausarsa tana da daɗi, amma ba ya gama jimla bai tsoma Larabci a ciki ba. Shi ya kai ni wurin aiki da safen farko, ya miƙo mini hula da safar hannu da rigar girki.

Na ce, "Yallaɓai, ina ɗakin gwajin yake?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Wane ɗaki, ya zol? Kuma ni ba yallaɓai ba ne, albasa nake yankawa. Yalla, sa hularka."

Shagon ƙarami ne, a bakin wani titi da ba shi da nisa da unguwar Hindawiyya. Babu kujera ko ɗaya, saye ake yi a tafi. Abin da muke sayarwa sunansa burito, wanda ban taɓa gani ba kafin ranar. Gurasa ce siririya mai faɗin faifai, a zuba shinkafa, da wake, da nama, da cuku, da dakakkiyar fiya, a naɗe tam kamar shawarma, a lulluɓe da takardar gwangwani.

Mudir ɗin shagon, wato manajanmu, ana ce masa Abu Rayyan. Ba mugun mutum ba ne, ina jin tsoro ne ya yi masa yawa kamar yadda ya yi mini. Darasin farko da ya koya mini shi ne na ludayi. Ludayi ɗaya na shinkafa, a shafe, ba toliya. Ludayi ɗaya na wake, a shafe. Ya nuna mini kyamarar da ke saman kanta, ya ce kafili, wato mai kamfanin da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, yana kallo daga wayarsa. Sannan ya nuna mini wani allo inda masu saye suke ba shago taurari, daga ɗaya zuwa biyar, su rubuta abin da ya dame su.

Kafilin da kansa sau ɗaya na gan shi a makonnin farko. Saurayi ne da ya yi karatu a ƙasar waje ya dawo da wannan sana'a. Ya yi mini magana cikin sakin fuska. Ya ce ina cikin watannin gwaji. Idan taurarin shagon suka ɗaga, zai mayar da ni babban kicin na kamfani in yi aikin da na karanta. Idan suka faɗi, halas, zai rufe mini iƙama, takardar izinin zamana, in koma gida. Ya faɗi wannan yana murmushi, yana duba wayarsa. Tun daga ranar duk lokacin da allon nan ya yi ƙara sai in leƙa in ga tauraro nawa aka ba mu.

Zan faɗi gaskiya game da abincin, gwargwadon abin da na gani. Naman mai kyau ne. Sauran kuwa sai a hankali. Dakakkiyar fiya tana yin baƙi-baƙi kafin la'asar, idan na ce a zubar sai Abu Rayyan ya ce in matsa lemon tsami in juya. Na nemi ma'aunin zafin abinci, aka zaro shi daga ƙarƙashin ledoji, babu batir. Gurasar idan ba a ɗumama ta sosai ba tsagewa take yi, ga shi kaskon ɗumamawar ɗaya ne, masu kai saƙo a babura kuma sun cika ƙofa suna buga kanta da mukullansu. Da na cika magana sai suka sa mini suna Duktur. Ba don girmamawa ba.

"Ya Duktur, naɗe kake yi ko tiyata?"

Haka nake tafiya, ba yabo ba fallasa, har ranar da Hajja Hawwa ta zo.

Abbakar ne ya jawo. Ya je ɗaurin aure a Hindawiyya, inda Hausawa suke da yawa, ya ba da labarin cewa an kawo musu ɗan ƙasa sabon zuwa, mai digiri, yana naɗe shinkafa. Hajja Hawwa tsohuwa ce mai sayar da yadi a kasuwar Bab Makka, a Jidda ta yi aure ta haifi 'ya'yanta. Ta zo bayan la'asar, daidai lokacin cinkoso, ta tsaya gaban kanta kamar mu biyu ne a shagon.

"Kai ne baƙon namu? Sannu, ya waladi. Ya hanya? Ya baƙunta? Mahaifiyarka tana raye? To, Allah ya ja kwana. Kana kiranta dai ko?"

Tun da na sauka a ƙasar nan babu wanda ya tambaye ni mahaifiyata. Na rusuna ina amsawa, ina ganin Abu Rayyan ta gefen ido yana nuna mini agogo. Ta leƙa cikin tasoshin, ta ga shinkafa, ta ga wake, ta fashe da dariya.

"Wannan ne buriton? Ai garau-garau ne aka naɗa wa rawani! To, naɗa mini uku, zan kai wa masu ɗinki."

Na zuba ludayi a shafe kamar yadda aka koya mini. Na kama bakin gurasar zan naɗe, sai ta ce, "A'a, ɗana. Gyara fa?"

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ba a tambayar wannan sau biyu. Hannuna ya riga tunanina. Na ƙara rabin ludayi na shinkafa, na ɗan ƙara wake. Gurasar ta ƙi rufuwa, na danna ta da ƙarfi, na ninka takardar gwangwani biyu. Ta sa mini albarka ta tafi. Har yau ban iya yanke hukunci ko kuskure na yi a ranar ba.

Abin da na tabbata shi ne labari ya bazu. Mutanenmu suka fara zuwa, direbobi, teloli, masu gadi, har da wani likita ɗan Zariya da ke aikin kwangila. Yawancinsu ba son burito suke yi ba. Zumunci ne ya kawo su, suna ganin suna taya ɗan uwa ciniki. Kowannensu zai gaishe ni gaisuwa cikakkiya, kowannensu kuma zai ce gyara.

Matsalar ita ce gurasar nan faɗinta ɗaya ne, ba ta san gyara ba. Idan aka cika ta, tana fita daga hannuna lafiya. Sai ta zauna cikin takardar gwangwani a mota ko a bayan babur, tururi ya jiƙa ta, mai ita ya buɗe ya gatsa, ƙasan ya fashe. Wani bawan Allah ya ɗora hoton farar rigarsa a allon taurari, wake da romon nama tun daga ƙirji har gwiwa, ya ce yana shirin tafiya masallacin Juma'a ne. Tauraro ɗaya. Daga baya na gane a cikin masu ce mini gyara yake.

Wanda ya fi tayar mini da hankali wani Balarabe ne da ya tsaya a layi bayan wani tela. Ya ga yadda na zuba wa telan, ya ga yadda na zuba masa. Bai ɗaga murya ba. Ya kira Abu Rayyan ya tambaye shi ko shagon nan yana da ludayi biyu ne, ɗaya na masu jin yarena, ɗaya na sauran mutane. Gaskiyarsa ce kuwa.

Abu Rayyan ya ja ni bayan firiji. Ya ce, "Ya Duktur, kai ne kullum mai maganar ƙa'ida. Ga ƙa'ida. Ludayi a shafe. Idan na sake gani, ba ni zan yi maka magana ba, kafili ne."

Na daina. Sai taurari suka ci gaba da faɗuwa ta ɗaya gefen. 'Ya'yan mutanenmu, waɗanda aka haifa a nan, su ne masu riƙe da wayoyin iyayensu. Uba zai koma gida ya ce ɗan ƙasar nan ya yi masa rowa, 'yar ta rubuta da Larabci mai kyau cewa ma'aikacin ba shi da kirki. A masauki Abbakar yakan kawo mini rahoton abin da ake cewa a Hindawiyya, yana jin daɗin labarin fiye da yadda ya kamata.

"Wallahi, ya zol, ka yi suna. Wai boko ya cinye maka kunya. Wani ma ya ce ƙwayar wake kake irgawa."

Na ce, "To kai me ka ce musu?"

"Na ce ba ka irgawa, aunawa kake yi."

Ban yi dariya ba. A kwanakin nan na daina kiran gida da bidiyo, don kada mahaifiyata ta ga fuskata. Ina ta tunanin yadda zan sauka daga mota a Gwarzo da jaka ɗaya, in ce musu an kore ni saboda rabin ludayi.

Hajja Hawwa ta dawo, ta gaishe ni kamar kullum, ta ce gyara. Na sunkuyar da kai na ce, "Hajja, ki yi haƙuri. Abincin ba nawa ba ne."

Ta ce, "Na sani ba naka ba ne. Mai tallan ƙosai ma ba nata ba ne, amma tana jefa ɗaya a kai. Kana zaton yunwa nake ji? Ni da ko cin abin nan ba na yi, haƙora ba su da ƙarfin wannan rawanin. Gyara ai cewa ce a dawo gobe. In ba a yi ba, an ce kada a dawo ke nan."

Ta biya, ta ɗauki ledarta, ba ta sa albarka ba. Wannan ya fi mini tauraro ɗaya ciwo.

Shinkafarmu a babbar tukunya ake dafa ta a kan gas, sau biyu a yini. Duk lokacin da aka juye, ƙanzo yana manne a ƙasa, sai a jiƙa tukunyar a kankare a zubar. Ni kuwa tun satin farko nake zuwa bayan wurin wanke-wanke in ɓamɓari ɗan kaɗan tun yana da zafi, in barbaɗa gishiri in ci a tsaye. A gidanmu ni ake bar wa ƙanzo. Shi ne abu ɗaya a duk Jidda da yake da ɗanɗanon gida. Wata rana da azahar, ina cikin tauna, na dubi faɗin tukunyar na ga yawan abin da za a zubar.

Na yi kwanaki ina juya maganar kafin in tunkari Abu Rayyan, saboda ba na son in sake yin abu ba da izini ba. Na ɓamɓaro masa yanki, na ce ina so in riƙa ba masu saye wannan a ɗan kofin takarda, daban, ba a cikin gurasa ba. Ba zai fasa burito ba, ba zai rage wa kafili ko ƙwaya ba.

Ya ce, "Shara za ka ba mutane?"

Na ce ya ɗanɗana. Ya tauna, ya sake ɗaukar wani. Ya ce kakarsa ma tana yi musu faɗa a kan wannan suna yara. Daga ƙarshe ya ce, "Kowa da kowa, ya Duktur. Ba 'yan uwanka kawai ba. Idan ya ƙare, ya ƙare."

Na yi abin a tsanake. Abbakar ya so a barbaɗa yajin ƙuli, na ƙi, saboda akwai waɗanda gyaɗa ba ta yi musu, kuma ba za mu iya tambayar kowa a layi ba. Gishiri da barkono da ɗan lemon tsami kawai. Na sayo batir na sa a ma'aunin nan. Ƙanzon da ya huce ba na bayarwa. Kofin kuma ba na rufe shi, don kada tururi ya kashe masa ƙaras.

Abbakar ne ya lallaso Hajja Hawwa ta dawo. Ba ta ce gyara ba a ranar. Na naɗe mata nata a shafe, sannan na ɗora kofin a kai na ce, "Hajja, ga gyara."

Ta leƙa. Ta ɗauki ɗan yanki ta sa a baki tana tsotsa, saboda haƙoran. Sannan ta ce tun da 'ya'yanta suka sayo mata tukunyar lantarki ba ta sake ganin ƙanzo ba. Ta juya ga masu baburan da ke bayanta, ta ce musu da Larabci su daina buga kanta, ɗanta ne wannan.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a shagon. Buritonmu ya daina fashewa. Mutanenmu sun sami gyaransu, Larabawa da Indiyawa da 'yan Filifin sun sami abin da ba su tambaya ba. Balaraben nan mai maganar ludayi biyu ya dawo, ya karɓi kofinsa, ya ɗaga mini shi. A allo kusan kowa maganar ƙanzon yake yi. Taurari suka ɗaga. Na koma kiran gida da bidiyo.

Kafili ya zo da kansa, ya rungume ni a gaban kowa. Ya ce gwaji ya ƙare, iƙamata tana nan daram, kuma daga farkon mako zan koma babban kicin kamar yadda ya yi alkawari. Na gode masa har sai da na ji kunyar yawan godiyar. Sai ya ci gaba da bayani. Za a sa ƙanzon a jerin abincin duk rassansa, da sunan Turanci, da farashinsa. Tukunya ɗaya ba za ta isa ba, don haka aikina shi ne in riƙa shimfiɗa shinkafa a farantan gashi in sa a tanda har ta ƙone daidai.

Na ce, "Amma ranka ya daɗe, daɗin abin ai kyauta ne."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata, ya ce babu abin da yake kyauta, ya Duktur. Na dubi Abu Rayyan, ya dubi firiji. Iƙamata tana hannun mutumin nan.

Yanzu a babban kicin nake. Akwai ɗakin gwaji a can, ina wucewa ta ƙofarsa kullum da faranti a hannu. Ƙanzon tanda da safe ake yin sa, a rufe a roba, mota ta zaga da shi rassa. Kafin la'asar ya yi laushi kamar fata. Na faɗa, an ce za a duba. Jiya na ga wani ya rubuta cewa an sayar masa da ƙonanniyar shinkafa mai jan haƙori, ya ba da tauraro biyu. A ganina ya yi adalci, ko ma ya yi kara.

Wata Juma'a bayan la'asar na je Bab Makka in gai da Hajja Hawwa, in kuma saya wa mahaifiyata yadi. Na same ta a zaune cikin tarin kayanta. Ta amsa gaisuwata duka, ba ta rage komai ba. Sannan ta ce, "Na je shagonku. Na ce wa sabon mutumin gyara, ya nuna mini allon farashi. An ce kai ka sa wa ƙanzo kuɗi."

Na fara bayani, na kafili, na iƙama, na tanda. Tana ji tana warware yadin da na zaɓa. Ta auna shi da sandar awo har ya cika abin da na nema. Ta sa almakashi a daidai wurin, sai ta janye shi, ta ware tafin hannunta ta ƙara taƙi guda, ta yanke a can.

Ta ninke ta miƙo mini. "Ka gai da ita. Ka ce mata ɗanta yana nan lafiya."

Na karɓa da hannu biyu.

A Hindawiyya har yanzu akwai masu cewa ni na sayar da gyara don in sami matsayi. Saboda su na zauna na rubuta wannan. Duk wanda ya shaida wani ɓangare na labarin nan, ya ga na rage ko na ƙara, ya aiko mini ta hannun Abbakar, zan sauya, ko da abin bai yi mini daɗi ba. Musamman ina roƙon Abu Rayyan, domin shi ne yake tsaye kusa da ni ranar da kafili ya zo. A tunanina sau biyu na ce kada a sa wa ƙanzon kuɗi. Amma mai yiwuwa sau ɗaya ne, kuma ban tabbata muryata ta fito ba.